Yaya, ga aikin da ya ɓoye ni a Liyon

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Kana ta cigiyata, to wallahi aiki ne ya riƙe ni a wani gidan tsofaffi, irin wanda ake ce ma EHPAD a nan Faransa, muna cire musu shofo na gas, wato injin dafa ruwan wanka, muna sa na kuran, wato lantarki, pom a shalar suke ce masa.

Aikinsa irin na firigo ne amma a juye, shi zafin da ke cikin iska yake zuƙowa ya tura cikin tankin ruwa, babu wuta babu hayaƙi, kuma kilowat 1 na kuran yakan ba da zafi wajen kilowat 3. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa gas ya yi tsada mutane suka koma kansa. Tsada kam yana da ita wurin saye, kuma in sanyi ya tsananta ƙarfinsa na raguwa sai wata waya mai zafi a cikin tankin ta taimaka masa.

Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda suke kula da ruwan tsoho. Doka ce babban tanki kar ya sauka ƙasa da digiri 55 saboda wata ƙwayar cuta lejiyonela da ke kama huhu, sannan a famfon wanka kar ya wuce 50 don fatar tsoho ba ta jure ƙuna, ana aunawa ana rubutawa a littafi. Mu kuwa in hunturu ya shigo Garwa sai Inna ta tashi da asuba tana hura itace don ruwan alwala, tana tari, tukunyar gas ta kilo 12.5 sefa 6,500 ce a farashin gwamnati amma wa zai ƙona ta a kan ruwan wanka?

Gaskiya wannan inji ba namu ba ne yanzu, in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu kuran ya ja baya kuran ma sai a hankali, duk da sola da aka kafa a Marwa da Gidar. Abin da ya dace da mu shofo mai aiki da rana ne, na kan rufi. Dan Allah ka zaga kasuwa ka ji min farashin na lita 150 har da kuɗin mai haɗawa, ka duba ko kwanon ɗakin Inna zai ɗauki nauyinsa, ƙarshen wata in sha Allahu zan turo kuɗin.