Doguwar Ziyarar Wuraren Tarihi: Kamfani Za Ka Biya, Ko Kai Za Ka Tsara?

Mai niyyar kwashe wata guda ko fiye yana zaga gidajen tarihi da tsoffin birane yana da zaɓi uku. Ko ya damƙa wa kamfanin yawon buɗe ido kuɗinsa a dunƙule, ko ya tsara komai da kansa, ko kuma ya tsara da kansa amma ya ɗauki ɗan jagora a wuraren da suka cancanta.

Kamfani yana sauke maka nauyi: otal, mota, tikiti, wani lokaci har da takardun neman biza. Ga dattijo ko wanda bai taɓa fita waje ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai da yawan birane kamfani yake tallar hajarsa. Za a kai ku gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, a ratsa da ku cikin turmutsitsi zuwa gaban shahararren zanen Mona Lisa, kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, sai a koma mota, alhali sashen kayan tarihin Musulunci na gidan kaɗai ya isa cinye rabin yini. Kafin ka biya, sa su rubuta maka wuraren da za a shiga ciki, da waɗanda za a nuna maka ta tagar mota kawai.

Idan kai za ka tsara, to kada ka fara da otal. Fara da tikitin da ke saurin ƙarewa. Alhambra da ke Granada a Sifaniya ita ce babban misali: ana shiga fadojin sarakunan Musulmi na Nasrid ne a lokacin da aka buga a tikiti, da sunanka a jiki, fasfo a hannu, kuma lokacin cunkoso tikitin kan ƙare makonni kafin ranar. Sannan ka ɗauko kalanda. Louvre da fadar Topkapi ta Istanbul ba sa buɗewa ranar Talata. Fadar Versailles, gidan Orsay da Uffizi na Florence suna rufe ranar Litinin. Gidajen tarihin Vatican ba sa aiki ranar Lahadi sai ta ƙarshen wata, ranar da shiga kyauta ne, layi kuwa ba a magana. Gidan Pergamon na Berlin ma an rufe shi don gyara a Oktoban 2023, don haka a duba kafin a sa wuri a lissafi.

Batun katin shiga na bai-ɗaya yana buƙatar natsuwa. Paris Museum Pass yana buɗe maka wurare sama da 50, na awa 48, 96 ko 144, kuma da zarar ka shiga wuri na farko agogo ya fara bugawa, ba ya tsayawa don ka gaji. Hasumiyar Eiffel ba ta ciki, kuma a Louvre sai ka kama lokacin shiga duk da katin. Ga mai kwana biyu a gari yana da riba. Ga mai doguwar tafiya kuwa, a ganina yakan zama bulala: sai ka ga mutum yana gudu daga wannan gida zuwa wancan don kawai ya fanshe kuɗinsa. A Landan, British Museum da National Gallery kyauta ake shiga, haka gidajen Smithsonian na Washington, saboda haka a can sai ka yi lissafi da kyau kafin ka sayi kowane kati. Wanda na fi yarda da shi shi ne Jordan Pass na ƙasar Jordan, domin ya haɗa tsohon birnin Petra da wurare fiye da 40.

Haka katin jirgin ƙasa na Turai, wato Eurail: yana da daɗi ga mai yawan sauya gari, amma a jirage masu gudu irin su TGV da Eurostar sai ka ƙara kuɗin kama kujera. Ka tuna kuma bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 ce cikin kowane 180, kuma ba ta shigar da kai Birtaniya.

Zaɓi na uku shi nake ba da shawara a kai. A cikin gidan tarihi akwai rubutu a gefen kowane kaya, akwai na'urar sauraren bayani, ba ka buƙatar kowa. Amma a kufai, labari ya sha bamban. Ka tsaya a Pompeii ta Italiya, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, za ka ga manyan duwatsu jere a tsakiyar titi, ba za ka san matakan tsallaka ruwa da ƙazanta ba ne, an bar rata tsakaninsu don ƙafafun amalanke, sai wani ya faɗa maka. Haka haikalin Karnak a Luxor ta Masar, inda bango ke cike da rubutun da ido kaɗai ba ya karantawa. A irin waɗannan wurare ka nemi ɗan jagora mai lasisi, ku daidaita kan awoyi da kuɗi kafin a fara, ka kuma gaya masa tun farko ba ka son a biya da kai shagon kayan tsaraba.