Sharhi Kan Wata Cibiyar Darasin Yamma a Jos: Koyar da Lambobin Ƙasa da Sifili

A cikin darussan lissafi na ajin farko na ƙaramar sakandare, da wuya a sami wanda yake rikita yara kamar tarawa da ɗebewa na lambobin da suka gangara ƙasa da sifili. Yaro ya shafe shekara shida a firamare ana gaya masa cewa ba a cire bakwai daga cikin uku, sai kuma a wayi gari an rubuta masa 3 − 7 = −4 a kan allo, an ce ya kwafa. Manhajar da NERDC, hukumar da ke kula da manhajojin makarantun Najeriya, ta tsara ta sanya wannan batu tun a aji ɗaya, a kansa kuma ake ɗora ninkawa da rabawa na irin waɗannan lambobi a gaba, sannan aljabara ta biyo baya, don haka wanda ya sami tangarɗa a nan zai yi ta fama da ita har jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kan wata cibiyar darasin yamma, irin wadda aka fi sani da lesin, da ke wani layi kusa da titin Bauchi a cikin garin Jos, inda 'yar ƙanwata ta yi wannan darasi a zangon karatun da ya gabata.

Wurin kansa ba shi da wani abin burgewa. Ɗakuna biyu ne da bencina da farin allo, ana shiga bayan sallar la'asar a tashi kafin magariba, ban da zaman safiyar Asabar. Kuɗin wata-wata bai kai abin da ake biyan malamin da zai zo har gida ba, kuma ana bayar da rasit. A lokacin hunturu, sanyin Jos yana shigowa ta tagogin da gilashinsu ya fashe, wanda ya kamata a ce an gyara su tuni.

Abin da ya sa wurin ya cancanci a yi magana a kansa shi ne babban malamin lissafin, da kuma ƙin da yake yi ya bai wa yara ƙa'ida kafin su ga dalilinta. Ya zana dogon layi da fenti a kan simintin ɗakin, daga −10 zuwa 10, sifili a tsakiya, kuma a makon farko babu tarawa babu ɗebewa, tambaya ɗaya ce ake ta juyawa: tsakanin lambobi biyu, wacce ta fi girma? Mai karatu zai iya ganin wannan ɓata lokaci ne, amma a nan ne kuskuren farko yake ɓoye, domin yara da yawa za su rantse cewa −8 ta fi −3, tunda takwas ta fi uku. Malamin yakan kawo teburin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wanda yaran garin da Plateau United ta ɗauko wa kofi a 2017 ba sa bukatar a koya musu karanta shi. Ƙungiyar da ta ci ƙwallo 12 aka zura mata 17 tana da bambancin −5, idan kuma ta yi nasara da ci biyu da nema sai ta koma −3, ta hau saman wadda suke da maki ɗaya da ita amma take zaune a −5. Ban ga misalin da ya shiga kan yara maza da sauri kamar wannan ba, ko da yake wasu daga cikin 'yan matan sun fi sakin jiki da misalin bashin katin waya, inda kuɗin da aka sa sai ya fara biyan abin da aka ranta kafin a ga saura.

Daga nan sai a koma kan marafan kwalbar lemo, waɗanda yaran suke tsintowa da kansu, farare da jajaye. Farin marfi yana matsayin 1, ja yana matsayin −1, idan kuma fari da ja suka haɗu sun cinye juna, sun zama sifili. Da wannan tarawa takan zo da sauƙi: a lissafin 5 + (−7), farare biyar za su cinye jajaye biyar, a bar jajaye biyu a kan benci, amsa ta zama −2. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin masu lissafi a ƙasar Sin sun yi amfani da sanduna ja da baƙi don bambanta lambobin nan kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, haka kuma masanin nan na Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idojinsu a shekarar 628 yana kiran ɗaya ɓangaren dukiya, ɗayan kuma bashi. Abin yabawa shi ne yadda aka yi ta a nan ba tare da an ɗora wa iyaye sayen ko da kwali ɗaya na kayan koyarwa ba.

Inda ake gane gwanin malami a wannan darasi shi ne cire lambar da take ƙasa da sifili, kuma a nan ne na fi tsayawa na lura. An rubuta 3 − (−2) a allo, yara suka jera farare uku, aka ce su cire jajaye biyu, suka ce babu ja ko ɗaya. Malamin bai ba su amsa ba, sai ya tambaye su ko akwai abin da za su iya ƙarawa a kan bencin ba tare da ukun ta canza ba. Bayan ɗan shiru wata yarinya ta ɗora fari da ja, ta sake ɗora wani fari da ja, ta ce, “Malam, har yanzu uku ce.” Da aka ɗauke jajayen biyu sai ga farare biyar. Malamin ya ƙarfafa wannan da littafin bashi na mai shago: wanda ake bi naira 500 yana kan −500, idan mai shago ya yafe masa 200 daga ciki, an cire masa bashi ke nan, ya koma −300, wato halinsa ya ƙaru ko da yake ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Hanya ta uku, wadda ni a ganina ta fi sauran ƙarfi ga yaro mai son hujja, ita ce jera lissafi a bi sawunsa: 5 − 2 = 3, 5 − 1 = 4, 5 − 0 = 5, to me 5 − (−1) za ta bayar in ba 6 ba? Sai bayan duk wannan ne aka rubuta ƙa'idar a allo, cewa cire lamba daidai yake da tara kishiyarta.

Akwai aikin gida guda da ya burge ni. An ce Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 a saman teku, gaɓar Tekun Gishiri kuma, a yammacin ƙasar Jodan, tana kimanin mita 430 a ƙasa da shi, aka tambayi tazarar da ke tsakaninsu. 'Yar ƙanwar tawa ta zana layin a tsaye, ta rubuta 1,200 − (−430) = 1,630, ta ce mini, “Kawu, ai sai ka sauko sifili tukuna sannan ka ci gaba da gangarawa.” Da ma a ce layin da ke ajin ma a tsaye yake a jikin bango, domin sama da ƙasa sun fi zama a kan yaro fiye da dama da hagu. Ban kuma gamsu da wasan tafiya a kan layin simintin ba, inda a lissafi irin 3 − (−2) ake cewa yaro ya juya baya saboda alamar farko, sannan ya yi tafiya da baya saboda ta biyu. Yana sa dariya, yana kuma kai su ga amsa daidai, amma hadda ce aka sauya wa kama.

Babban aibin cibiyar yana zaman Asabar, wanda wani mataimaki yake ɗauka. Shi waƙa yake sa yara su rera, cewa alamar ɗebewa biyu idan sun haɗu sun zama tarawa, ba tare da ya fayyace musu inda maganar take aiki ba. Tana aiki a wajen ninkawa, tana kuma aiki idan alamun biyu suna manne da juna kamar a 4 − (−6), amma ba ta da hurumi a −3 − 5, inda amsar take −8. A littafin yarinyar na tarar da 8 a gaban wannan lissafi, kuma da na duba na wata ƙawarta da suke zuwa tare sai na ga kuskuren iri ɗaya ne, alhali a tsakiyar mako dukansu sun yi makamancinsa daidai da marafai. Abin da ake ginawa daga Litinin zuwa Alhamis ana kwance wani sashensa ranar Asabar. Na yi wa babban malamin magana, ya karɓa da mutunci, ya ce zai zauna da mataimakin nasa, kuma daga baya an rage waƙar, sai dai ba a daina ta ba.

Aibi na biyu ya fi wannan sauƙi, amma yana da tasiri a jarrabawa. An daɗe a kan marafan fiye da kima, har wasu yara suka kasa rabuwa da su, ta yadda idan aka ba su −47 − (−82) sai su fara zana ƙananan da'irori a gefen takarda, lokaci yana tafiya. Kamata ya yi da zarar yaro ya fahimci dalili a janye kayan a hankali, a yawaita masa atisaye da manyan lambobi har ya iya cewa 82 − 47 ce, ya rubuta 35 ya wuce. Haka nan bayanin da ake yi da Hausa yana taimakawa ƙwarai, to amma da Turanci tambayoyin jarrabawa suke zuwa, kuma tambayoyin zube da ake ba su da harshen ba su da yawa. Ajin ma yakan cika a kusa da jarrabawar ƙarshen zango, har na bencin baya su daina ganin layin da ke ƙasa.

Duk da haka, ga yaron aji ɗaya ko aji biyu da yake rubuta amsa bai san daga inda ta fito ba, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, kuma zan shawarci iyaye su biya na wata ɗaya tukuna, su tabbatar cewa babban malamin ne yake ɗaukar ajin ɗansu. Ɗan aji uku da jarrabawa ta matso masa, wanda sauri da yawan atisaye yake bukata, gara a nema masa wani wurin. Idan watan ya ƙare, a rubuta wa yaron −4 − 9 da −4 + 9 da −4 − (−9) a takarda ɗaya, a ce ya bayyana da bakinsa dalilin da ya sa ta farko ta ba da −13, sauran biyun kuma kowacce ta ba da 5, kafin a biya kuɗin wata na biyu.