Hilux ko Land Cruiser: wacce za ta kai ka Termit ta dawo da kai?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka kuna so ku tashi daga Damagaram cikin sanyin bana ku je Termit, duwatsun nan na hamadar gabashin Nijar, ku yi 'yan kwanaki a daji, mai hayar mota kuma ya ajiye muku biyu: Hilux mai ƙofa huɗu, da Land Cruiser 79 wadda ta fi ta tsada. Amsata ta dogara da inda kuka yi niyyar juyowa. In gindin duwatsun Termit ne iyakarku, kowacce za ta kai ku. In kuna da niyyar kutsawa gabas cikin tuddan yashin Tin-Tumma, ku biya kuɗin Land Cruiser kada ku yi ciniki mai tsawo.

Daga Damagaram zuwa Gure, kilomita wajen 160 ne a kan kwalta, kuma a wannan yankin Hilux ce sarauniya. Ƙafafunta na gaba kowacce da nata motsin, shi ya sa ba ta jijjiga mutum, ga sanyin ciki, ga ƙarancin shan mai. Land Cruiser kuwa sandar ƙarfe guda ce ta haɗa ƙafafunta na gaba, duk ramin da ta faɗa sai ƙugunka ya shaida. Amma da kun bar Gure kun miƙa arewa wajen Tasker, kwalta ta ƙare, sai sawun motocin da suka riga ku, nan lissafi yake juyewa. Sawun nan manyan motoci ne suka haƙa shi, tsakiyarsa ta yi tozo, kuma Hilux da aka danƙara wa mutum biyar da bido-bido na ruwa da mai takan zauna, cikinta ya riƙa shafar ƙasa. Land Cruiser an gina ta ne don kaya. Sifirin ɗinta na baya sai an ɗora mata nauyi ma take daidaita.

Maganar inji ita ce ta fi damuna. Land Cruiser mai injin 1HZ, gazuwal lita 4.2 mai silinda shida, ba turbo, ba kwamfuta. Ba ta da sauri, a kan tudu ma sai ka ji kamar ka sauka ka tura ta, amma duk makanikin da ke tsakanin Damagaram da Agadas ya san cikinta, kuma tana haƙuri da man da aka sayo a jarka. Sabbin Hilux masu 2.4 da 2.8 sun fi ta kuzari nesa ba kusa ba, sai dai injektocinsu suna aiki ne da matsi mai tsanani, ɗan ruwa ko ƙura a cikin gazuwal ya isa ya kwantar da su. Fitilar gargaɗi ta kunnu a allon direba, mota ta ƙi ja, babu wanda zai duba maka ita a Tasker. In dai Hilux ɗin ce, ka tafi da matatar mai biyu sabbi, ka kuma tace duk man da za ka zuba. In mai fetur ce, wato 2.7, matsalarta daban: tana sha, kuma busasshiyar ciyawa takan naɗe a jikin salansa mai zafi. Motoci sun ƙone ƙurmus ta haka. Duk inda kuka tsaya a leƙa ƙarƙashi a cire.

Tankin Hilux lita 80 ne. Yawancin Land Cruiser na daji suna zuwa da tanki biyu. A yashi mai laushi shan mai yana iya ninkawa, don haka kada ka yi lissafi da abin da motar ke sha a hanyar Maradi.

A cikin yashin kansa, gaskiya Hilux ba kanwar lasa ba ce. Ta fi sauƙi, kuma mota mara nauyi ta fi yawo a kan rairayi. In ba ta da kaya da yawa, aka sace iskar tayoyi zuwa wajen bar 1.2, direba ya san hannunsa, za ta hau inda ba ka zata ba. Abin da ke kayar da ita shi ne nauyin da tafiyar ke tilasta mata ɗauka. Ruwan sha kaɗai, a ƙalla lita biyar ga kowane mutum a yini ko cikin hunturu, ban da na girki da na lagireto, ban da na ajiya don ranar da mota ta lalace. Ka haɗa da tayoyi biyu na canji, shebur, farantan ƙarfe na fitar da mota in ta kafe, igiyar ja, famfon iska. Kowacce kuka ɗauka, ku ratsa tuddai da sassafe lokacin da yashi ke da sanyi yana riƙe taya. Bayan azahar ya saki. In ta fara nutsewa a ɗaga ƙafa daga totur. Mai ƙara wuta rami yake haƙa wa kansa, kuloci kuma ya ƙone.

Wajen kwana ba su da wani bambanci, sai dai bayan Land Cruiser mai ƙofa biyu ya fi tsawo ga mai son kwanciya sama da ƙasa. Kada ku sauka a bakin rijiya, wurin Tubawa ne da raƙumansu, kuma dabbobi na zuwa tun asuba. Ku nemi fili mara ƙarangiya, don in ta kama bargo har ku dawo gida kuna tsintar ta. Dare yana sanyi sosai a Disamba da Janairu. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, kunama na son ɗuminsa. Maimakon itacen dafa shayi, ku taho da gawayinku. Bishiyoyin can kaɗan ne kuma ba su girma da wuri.

Ku tuna Termit gandun daji ne na hukuma tun 2012, an kafa shi ne don mena, barewar nan wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasar Nijar ta ci sunanta, da adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho. Binciken da aka yi a 2016 adaks uku kacal ya gani. Kora da mota tana kashe su ko ba a harba ba. Sai kun nemi izinin ma'aikatan gandun daji, kun kuma sanar da jandarma, su za su faɗa muku halin tsaron hanya a lokacin da ko sai da rakiya.

Abin da ban ji ka ambata ba shi ne mota ta biyu. A Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace. Waya ba ta kamawa a Termit, mai wucewa kuma sai a yi kwanaki ba a gan shi ba. Da a ce kuɗinku Land Cruiser ɗaya zai iya ɗauka ko Hilux biyu, ni Hilux biyu zan ce, a raba kayan, a ɗauki ɗan jagora Batube daga Tasker, a tsaya a yammacin duwatsun. Ka koma wurin mai motar ka tambaye shi injin da ke cikin kowacce, da shekarun tayoyinta.