Kafin ka kashe kuɗi wajen neman asalin kakanka

Masu tambaya wai wanne ya fi tsakanin shafukan intanet na binciken asali, wato Ancestry da MyHeritage da FamilySearch, in ana son gano yaushe aka haifi kaka, yaushe ya rasu, waye ubansa, to gaskiya ya danganta da inda kakan naka ya rayu.

Ancestry da MyHeritage na kuɗi ne, duk wata ko duk shekara kuma ba da naira ba, sannan abin da suka tara galibi takardun Amurka da Turai ne, ƙidayar jama'a, rajistar coci, sunayen fasinjojin jirgin ruwa. In kakanka ya zauna Ingila to bismillah. Amma dattijon da aka haifa a ƙauyen Kazaure ya rasu can fa? Dokar rajistar haihuwa da mutuwa da Najeriya ke aiki da ita ta 1992 ce, kuma har gobe ba kowa ke yi ba balle zamaninsu. FamilySearch kyauta ne, na cocin Mormon ne da ke Amurka, suna da salsalar da suka ɗauka daga bakin dattawa a Ghana da Najeriya, sai dai bishiyar zuri'arsu guda ce ta kowa, wani zai iya shiga ya canja abin da ka rubuta.

Gwajin DNA kuwa ka tofa yawu ka aika, su ce maka kashi kaza daga yanki kaza, amma sunan uban kakanka ba za su ba ka ba. Kuma a 2023 an sace bayanan mutum kusan miliyan 7 a kamfanin gwajin DNA na 23andMe.

Ni dai da kuɗin nan gara ka yi na mota. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna da takardun zamanin Turawa, na haraji da na gundumomi, in gidanku na sarauta ne ko malanta kana iya dacewa. Takardar rabon gado ta kotun alƙali ma tana jera magada da sunayensu.

Amma ka fara da gwaggo da baffa tun suna raye, ka kunna rikoda a waya. Kar ka tambaye su shekara, ba haka suke lissafi ba, ka ce lokacin zuwan Sarauniyar Ingila kaka yana da aure? 1956 kenan. Turawa sun ci Kano 1903, jirgin ƙasa ya iso 1911, da irin waɗannan za ka kintata haihuwarsa. Ka tambayi ɓangaren uwa daban na uba daban, ka rubuta waye ya faɗa maka me.