Kafin Ka Kashe Kuɗi a Kan Takin Tana a Kano

Wani abokina a Hotoro ya raba durom ɗin ƙarfe biyu, ya cika shi da kashin shanu da ganyen kabeji, ya zuba tanar da ya sayo da tsada don ta cinye su ta kasayar da taki, wato takin tana, ya jingine shi jikin katanga. Watan Afrilu ne. Kwana uku ya ɗaga buhun da ya rufe da shi, sai wari. Ko guda ba ta kai labari ba. Tana tana son sanyin da bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, idan ya haura 35 sai mutuwa, mu kuwa bazararmu takan wuce 40. Saboda haka a garin nan, mazubi za ka fara zaɓa kafin tana.

Ƙarfe dai cire shi daga lissafi. Bahon roba irin na Ƙofar Wambai ya fi araha, ga sauƙin ɗauka, amma sai ka huda gindinsa don ruwa ya tsane, kuma baƙi yana shan zafi, nemi mai haske. Akwatin katako yana shan iska sosai, sai dai gara ba ta yi masa da sauƙi, danshi kuma yana ruɓar da shi. Mai fili ya gina kwami da bulo a inuwar darbejiya, zurfin kamu biyu ya isa, domin tanar taki a sama-sama take kiwo, faɗi take so ba zurfi ba. Ni kam don gida na fi son babban kaskon yumɓu mai faɗin baki. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, shi ne zai sanyaya wa tana: yumɓu yana tsatsafo, iska tana busawa. Aibinsa nauyi da fashewa. Kowanne ka ɗauka, rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, in ba kwami ba ne ka ɗora shi a kan duwatsu cikin faranti mai ruwa saboda cinnaka.

Sai tanar kanta. Wadda yara ke tonowa da damina don ƙugiya galibi ba ta zama a mazubi, mai nutsewa ƙasa ce. Iri biyu aka fi kiwo. Akwai jar tana, Eisenia fetida, gajera mai zobe-zobe, wadda ta fi jure sanyi da sakacin mai ita. Akwai kuma tanar Afirka, Eudrilus eugeniae, 'yar asalin Afirka ta Yamma, doguwa mai sheƙin shunayya; ta fi ci, ta fi saurin girma cikin ɗumi, amma sanyin hunturu yana rage mata kuzari, kuma idan wuri bai yi mata ba cikin dare za ta kama gabanta. A yanayinmu ita zan ce ka nema.

Wajen saye kada ka ji kunyar sa hannu. Na taɓa biyan kuɗin kilo guda, da na zo gida na tankaɗe, fiye da rabi ƙasa ce. Ce wa mai sayarwa, "Malam, baje min a faranti mu gani." Lafiyayya tana zillo, tana gudun haske. Ka duba ko akwai ƙanana da ƙwai, wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa kamar ƙwayar dawa. Rabin kilo ya isa farawa, za su hayayyafa.

Abinci ba ya cin kuɗi. Kashin shanu ya fi kowanne, ko kandilo da aka jiƙa. Na tumaki da awaki yana da tauri, ga gishirin fitsari idan daga turke aka kwaso, sai an jiƙa an tsane. Ɗanyen kashin kaji kashe tana yake yi saboda ƙarfin amoniya. Kowane iri ne, tara shi ya yi mako biyu zuwa uku ya huce, kuma ka tambaya ko an yi wa dabbobin allurar tsutsa kwanan nan, don maganin yakan fito a kashi. Ragowar latas, kabeji da alayyafo na Yankaba sun yi. Daga Yanlemo ɗauki ɓawon kankana da ayaba, ka bar na lemo. Albasa, attaruhu, mai da gishiri ba su shiga. Danshin kuma kamar tsumman da aka matse: ka dunƙula, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

To, ko a sayi gamammen taki kawai? Idan bishiyar zogale biyu da 'yan buhunan tumatir gare ka, hakan ya fi sauƙi da jiran wata biyu zuwa uku kafin naka ya nuna. Na kirki baƙi ne, wara-wara kamar garin shayi, yana ƙanshin ƙasar ruwan fari. Mai wari bai nuna ba, mai nauyi kuma an haɗa da yashi. Kada wani ya ce maka mudu ɗaya zai maye buhun takin zamani NPK 15-15-15. Sinadarin naitirojin da ke cikin takin tana bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Amfaninsa gyaran ƙasa da riƙe ruwa, shi ya sa ya fi dacewa da gadon reno da noman buhu fiye da hekta guda ta masara.

Idan kiwon za ka yi, fara da damina, wajen Yuli, lokacin da iska ke da laima, don su yi yawa kafin bazara ta zagayo.