Na'urar awon hawan jini da na saya wa mahaifiyata

Na sayi wannan na'ura mai aiki da batir ne saboda mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70, ta daɗe tana shan maganin hawan jini, kuma zirga-zirgar asibiti ta fara yi mata nauyi. A makon farko, kullum da safe allon sai ya nuna 160/95 ko kusa da haka, alhali ta zauna ta huta minti biyar, ta jingina bayanta, ta ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji kamar yadda takardar ta ce. Hankalina ya tashi, har na aikata abin da nake nadamarsa: na ƙara mata rabin ƙwaya ba tare da na tuntuɓi likita ba. Bayan kwana uku ta miƙe daga bakin gado, jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango tana cewa, "Ɗan nan, riƙe ni, ƙasa na juya mini." Allah ya kiyaye ba ta faɗi ba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna kaurin damtsenta, ya kai santimita 41, maɗaurin da ya zo cikin kwalin kuwa na 22 zuwa 32 ne, shi ya sa da ƙyar yake zagayowa. Ta ce maɗaurin da ya yi wa hannu kaɗan yana sa awo ya fito sama da gaskiya. Da namu aka samu 142/84, da babban nasu 121/72, da ta miƙe tsaye kuma ya ƙara sauka. Likita ya yi mini faɗa, kuma da gaskiyarsa, domin jinin tsofaffi kan sauka idan sun tashi tsaye, faɗuwa kuwa kan jawo musu karayar ƙugu.

Tun da na sayi babban maɗauri, awon na'urar yana dacewa da na asibiti, lambobinta manya ne har Inna na karantawa da kanta, tana kuma ajiye awon baya da muke nuna wa likita. Ta wannan fuska na yaba. Sai dai har yanzu raina na ɓaci idan na tuna cewa girman maɗaurin, wanda shi ne ya kusa kayar da ita, an rubuta shi ne da ƙananan haruffa a gefen kwali, babu ko layi ɗaya da ya ce a auna damtsen mai amfani kafin a saya.