Tsakanin faifan Don Williams da na Kenny Rogers, wanne za a kai wa Baba?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, kuma mai sayarwar ya ce ka zaɓa tsakanin *I Believe in You* na Don Williams da *Eyes That See in the Dark* na Kenny Rogers, to ka ɗauki na Don ka kai wa Baba. Duka biyun ina da su a faifan garmaho, don haka abin da kunnena ya ji zan faɗa maka.

Na ga wasu 'yan'uwa suna cewa na Kenny ya fi ciniki, kuma gaskiya suka faɗa. A 1983 ya fito, shi ne na farko da Kenny ya yi wa kamfanin RCA. Ya hau na ɗaya a jadawalin ciniki na mujallar Billboard a ɓangaren faya-fayan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, ya kai na 6 a babban jadawalin da ake haɗa kowane irin kiɗa, sannan a Amurka kaɗai an ba shi shaidar filatinum ninki biyu, wato kwafi miliyan 2. Sai dai waƙa ɗaya ce ta ja wannan cinikin, *Islands in the Stream*, wadda ya yi da Dolly Parton. Ita kam ba ta da makusa, ta zo ta ɗaya a jadawalin kantiri da na gama-gari duka. Sauran faifan kuwa aikin 'yan Bee Gees ne. Barry Gibb da 'yan'uwansa suka rubuta kusan duka waƙoƙin, shi Barry ya tsara kiɗan tare da abokan aikinsa, har muryarsa kana ji tana yi wa Kenny amshi. Kiɗan birni ne da aka sa wa mawaƙin kantiri a baki. In ka cire *Buried Treasure* da *Evening Star*, da ƙyar Baba zai ji abin da ya saba ji. Nawa yana nan cikin kwalinsa, ba na ciro shi sai in wani ya nemi a sa masa ta Dolly.

Na Don kuwa, shi ne wanda ba ya sauka daga kan garmahona. Kamfanin MCA ya fitar da shi a 1980, Don da kansa ya tsara shi tare da Garth Fundis. A jadawalin kantiri ya tsaya a na 2, ya samu filatinum ɗaya, wato rabin na Kenny ke nan a lissafi. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta ta zo ta ɗaya a kantiri, ta kai ta 24 a babban jadawali, kuma ita kaɗai ce waƙar Don da ta taɓa shiga cikin arba'in na farko a can, duk da cewa sau 17 yana zuwa na ɗaya a ɓangaren kantiri. Wannan ya isa ya nuna maka su wa ke sayen Don: mutanen da suka san abin da suka zo nema, ba masu bin yayi ba. A 1981 ƙungiyar CMA da ke Nashville, wadda ta tara ma'abota wannan kiɗa, ta zaɓe shi gwarzon faifan shekara. Na Kenny na 1983 bai samu wannan ba.

Ni a motar kawuna na fara jin sa, wata Peugeot 504 da yake ji da ita. Malamin makaranta ne mai tsare gida, ba ya son hayaniya, amma da mun bar gari ya miƙi titi sai ya tura kaset ɗin. Ba ya ƙara murya, don muryar Don ba ta buƙata. Tana fitowa a hankali, mai kauri, jita na bin ta a baya, ganga kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Idan rediyon ya tauna zaren, kawu zai faka a gefen hanya, ya zaro shi da farce, ya zura biro a ramin kaset ya naɗe, mu ci gaba. Daga *Falling Again* har waƙa ta goma ban taɓa ganin ya tsallake ko ɗaya ba, kuma a nan ne faifan ya fi ɗan'uwansa. Dattijo da ya zauna bayan isha'i ba ya son ya riƙa tashi yana ɗaga allura yana neman inda daɗin yake. So yake ya sa gefe ɗaya, ya ƙare, ya juya ɗayan.

Akwai kuma maganar lafazi, wadda mutane ba su cika kulawa da ita ba. Don yana furta kalma ɗaya bayan ɗaya, ko mai Turancin firamare na da zai bi shi. Ina ganin hakan na cikin abin da ya sa iyayenmu suka riƙe shi, kuma ba mu kaɗai ba, don har Harare ta Zimbabwe ya je ya yi wasa a 1997. Ya rasu a 2017, Kenny ya bi shi a 2020, saboda haka masu ajiyar faya-fayansu sun san darajar abin da ke hannunsu, masu ha'inci ma sun sani.

To ga abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. Kada ka tura kuɗi a kan hoton kwali. Kwali daban, faifai daban. Akwai masu zura wani faifan a cikin kwali mai kyau su miƙa maka. Ka zaro shi, ka karanta takardar da ke tsakiya, ka ga tambarin MCA da sunayen waƙoƙin sun yi daidai da na bayan kwalin. Ka karkata shi a hasken rana. Karcen da ido ke gani amma farce ba ya ji, da sauƙi. Wanda farcenka ya maƙale a ciki, allura ma za ta yi tsalle a wurin. Ka ɗora shi a kan tebur ka duba ko ya kwanta sosai, domin zafin ƙasarmu yana lanƙwasa faifai in an jibge shi a ɗakin kwano, kuma lanƙwasasshe da wuya ya miƙe. Mai sayarwar da ya ce ba shi da garmahon gwaji, ka ce masa ya biyo ka gida ko a fasa.

Wani abu kuma game da na Kenny: za ka ga *I Will Always Love You* a jerin waƙoƙinsa. Wasu masu sayarwa sukan nuna ta su ce ai ta Dolly ce, wadda Whitney Houston ta maimaita. Ba ita ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya, wannan 'yan Gibb ne suka rubuta ta. In kuma CD aka kawo maka a madadin faifai, ka juya bayansa; wanda ya yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore an kwafa ne a kwamfuta, kada ka biya kuɗin na asali a kansa.

Idan har Baba Kenny yake so da bakinsa, to ka bar wannan na 1983, ka sa a nemo maka *The Gambler* na 1978, wanda Larry Butler ya tsara. Shi ne Kennyn da iyayenmu suka sani, mai ba da labari a waƙa, shi ma ya ci kyautar faifan shekara ta CMA a 1979, cinikinsa ma ya ninka na RCA ɗin fiye da sau biyu. Amma cikin biyun da ke gabanka yanzu, na Don za ka ɗauka. Kafin ka kai masa, ka duba allurar garmahon Baba, in ta daɗe a ajiye ka sauya ta, don tsohuwar allura tana cinye faifai. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya.